Haɗa Kayan Kallo a Landan: Inda Gizo Yake Saƙa

A watan Disamba, tun kafin ƙarfe huɗu na yamma rana take faɗuwa a birnin Landan. Sanyi ya kankama, babu dandali, babu zaman ƙofar gida, babu kuma teburin mai shayi da za a je a raba dare ana hira. Saboda haka falo shi ne komai na baƙo: nan ne zaure, nan ne majalisa, nan ne kuma gidan sinima. Wannan ne ya sa magidanci Bahaushe da ke zaune a Peckham ko Woolwich ko Tottenham, da zarar aljihunsa ya ɗan yi nauyi, yakan fara tunanin kayan kallo, wato babban akwatin talabijin da amfilifaya da lasifikoki biyar ko shida, abin da 'yan kasuwa a Kano suke kira hom tiyata. Sunan dai yakan ba dattawa dariya, domin su a saninsu tiyata sai a asibiti.

To, saye ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana farawa ne ranar da aka farke kwalaye, wayoyi suka bazu a tsakar ɗaki, uwargida kuma ta fito da jakar kasakasai da faya-fayan da aka zo da su daga gida. Sai a ga hoto babu murya, ko a ji murya babu hoto, ko kuma a saka wani tsohon fim ɗin Hausa a tarar lasifika ɗaya tak ke magana, sauran sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Mai gida ya fara zargin mai kanti ya cuce shi. Amma a mafi yawan lokuta babu na'urar da ta lalace. Matsalar tana wurin mahaɗa ne, inda tsohon abu ya gamu da sabo, inda abin da aka yi domin falon Kano ya gamu da na'urar da aka ƙera domin finafinan Amurka.

Shi kansa birnin Landan yana da dogon hannu a cikin wannan sana'a. A ranar 26 ga watan Janairun 1926 ne John Logie Baird ya nuna wa masana talabijin ɗinsa a wani ɗakin bene da ke titin Frith a unguwar Soho, kuma bayan shekara goma, a watan Nuwamban 1936, BBC ta fara watsa shirye-shiryen talabijin na yau da kullum daga Alexandra Palace a arewacin birnin. A tsakanin waɗannan shekaru ne wani injiniyan kamfanin EMI mai suna Alan Blumlein ya yi rajistar fasahar raba sauti gida biyu, dama da hagu, a 1931. Ana ba da labarin cewa sinima ya je da matarsa, sai abin ya dame shi, ganin ɗan wasa yana wannan gefe na allo amma muryarsa na fitowa daga wancan. A 1935 ya gwada fasahar tasa da ɗaukar jiragen ƙasa suna wucewa a tashar Hayes, ana jin ƙararsu tana ratsawa daga wannan kunne zuwa wancan. Sunan Dolby kuwa, wanda ke rubuce a goshin kusan kowace amfilifaya, na wani Ba'amurke ne, Ray Dolby, wanda a Landan ya kafa kamfaninsa a 1965 kafin ya mayar da hedkwatarsa San Francisco a 1976. Wannan kamfani ne ya yaɗa tsarin da ake kira 5.1, wanda ya shiga gidajen sinima a 1992: lasifika uku a gaba, biyu a gefe ko baya, sai ta shida mai rugugi da ake ajiyewa a ƙasa, wadda a kasuwa ake ce wa wufa.

Tarihin kallo a ƙasar Hausa kuwa wata hanya ya bi dabam. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, daga baya aka samu irin su Palace da Plaza da Eldorado da Marhaba, amma sinima ta daɗe tana ɗauke da sunan wurin da ɗan mutunci ba ya yawan zuwa, balle matar aure. Bidiyo ne ya shigar da fim cikin gida. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, a kaset ta fitar da shi, haka kuma ɗaruruwan finafinan da suka biyo baya, har zuwa su Sangaya da Wasila. Ma'ana, tun asali an yi fim ɗin Hausa ne domin ƙaramin talabijin mai lasifika ɗaya, wanda iyali za su kewaye a kan tabarma. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya warware rabin rikicin da zai tarar a falonsa na Landan.

Batun wuta shi ne mafi sauƙi, amma shi ne ke saurin jawo asara. Birtaniya da Najeriya ƙarfin wutarsu ɗaya ne, bolt 230, filoginsu ma iri ɗaya ne mai ƙafa uku, don haka na'urar da aka saya a Kano za ta yi aiki a Landan ba tare da wata dabara ba. Ta Jamhuriyar Nijar ma za ta yi, sai dai a sauya mata filogi, saboda nata mai ƙafa biyu ne irin na Faransa. Wadda ɗan'uwa ya aiko daga Amurka ita ce abin tsoro, domin can bolt 120 ake amfani da shi. Idan ba a rubuta 100 zuwa 240 a bayanta ba, aka kuma cusa ta a soket, ƙauri kawai za a ji. Sa'an nan kowane filogin Birtaniya yana da ɗan fis a cikinsa. Na'urar da ta ƙi kamawa gaba ɗaya, a fara duba wannan fis ɗin kafin a ɗauke ta zuwa wajen mai gyara, domin kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba.

Daga nan sai rikicin da siyasar duniya ta bar wa masu kallo gado. A zamanin da aka fara talabijin mai launi, ƙasashe sun kasu gida uku. Birtaniya da Najeriya da Gana sun ɗauki tsarin PAL, Faransa da ƙasashen da ta raina, har da Nijar, suka ɗauki SECAM, Amurka kuma tana kan NTSC. Kaset ɗin da aka ɗauka a Kano ko Zariya zai yi a kowace na'urar bidiyo ta Birtaniya lafiya lau. Wanda aka naɗa daga Tele Sahel a Maraɗi ko Damagaram kuwa, yawanci baƙi da fari zai fito, sai mai shi ya zaci launin ne ya koɗe saboda tsufa, alhali yana nan daram, na'urar ce ba ta jin yarensa. Na Amurka ya fi taurin kai, don a tsohuwar na'ura hoton yakan yi ta birgima, murya ta sauya. Maganin duka shi ne na'urar da ke karɓar tsari ukun nan, irin wadda alhazai suka riƙa sayowa daga Jidda da Dubai.

Da faifan DVD ya zo, sai kamfanonin finafinai suka ƙara wani shinge da gangan, suka raba duniya shiyya-shiyya. Birtaniya da akasarin Turai da Gabas ta Tsakiya suna shiyya ta 2, Amurka ta 1, Najeriya da Nijar da Indiya kuma suna ta 5. Faifan asali na fim ɗin Indiya da aka kulle a shiyya ta 5 zai ƙi buɗewa a na'urar da aka saya a Landan. Abin da ya ceci masu kallon finafinan Hausa shi ne, akasarinsu a faifan VCD suka fito, wanda ba shi da wannan kulle, waɗanda suka fito a DVD ɗin ma ba kasafai ake kulle su ba. Amma VCD na da nasa tarkon. Wasu sababbin na'urori, musamman na wasannin yara da ake cewa suna kunna faifai, ba su san shi ba sam, ga shi kuma sau da yawa ƙaramar na'ura mai araha ta fi mai tsada haƙuri da faifan da aka buga a kasuwar Ƙofar Wambai.

Akwai kuma abin da ba gyara gare shi. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Talabijin na zamani da ake kira 4K yana da 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, wato ya ninka shi fiye da sau 80. Idan aka baza wancan ɗan hoto a allo mai inci 65, fuskar jaruma sai ta koma kamar zanen da ruwa ya taɓa. Ba laifin talabijin ba ne, ba kuma wata waya mai tsada da za ta sauya haka, kome daɗin bakin mai kanti. Abin da za a iya yi guda biyu ne: a ja kujera baya, a kuma shiga saitin talabijin a mayar da fasalin hoton 4:3, yadda aka ɗauke shi. In ba haka ba talabijin zai miƙe shi ya cika allo, kowa ya yi gajarta da faɗi, sirirai su zama ƙosassu.

Sai batun wayoyi, inda mafi yawan magidanta ke karaya. Tsofaffin na'urorin bidiyo na Birtaniya suna da wani faffaɗan baki mai haƙora 21 da ake kira SCART, na Najeriya kuma sun fi zuwa da 'yan ramuka uku, rawaya na hoto, ja da fari na sauti. Talabijin ɗin yanzu da yawa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, sai HDMI kaɗai, wanda ya bayyana a farkon shekarun 2000. Dole ke nan a sayi ɗan akwatin da ke juya tsohon sigina zuwa sabo. A nan ake yawan yin kuskure, domin akwatin hanya ɗaya yake bi. Akwai mai karɓar SCART ya fitar da HDMI, akwai kuma mai yin akasin haka, ga su kama ɗaya kamar an tsaga kara. Wanda ya sayi na biyun zai kwana yana jujjuya waya bai ga komai ba. Kuma akwatin yana bukatar tasa wutar, abin da mutane kan manta.

Tsakanin talabijin da amfilifaya kuwa, ƙa'idar ɗaya ce. A bayan talabijin akwai ramukan HDMI uku ko huɗu, amma ɗaya ne kawai aka rubuta wa ARC ko eARC, kuma shi kaɗai ne ke iya mayar da sauti zuwa amfilifaya. A can bayan amfilifayar ma, ramin fita mai wannan rubutu za a nema, ba na shiga ba. Ko an dace da ramukan, sai an shiga saiti an kunna hanyar da na'urorin biyu ke gaisawa, wadda kowane kamfani ya raɗa wa nasa suna don ƙarin ruɗani: Samsung na kiranta Anynet+, Sony na cewa Bravia Sync, LG kuma SimpLink. Idan an yi duk wannan aka ji shiru, a zare filogin kowace na'ura daga bango, a dakata kamar minti biyu, a mayar, a fara kunna talabijin. Abin kamar wasa, amma yakan yi aiki, domin a lokacin kunnawa ne na'urorin ke sake gabatar da kansu ga juna.

Masu gyara na ƙwarai, ko a Landan ko a Sabon Garin Kano, hanyarsu ɗaya ce: ba sa taɓa abu biyu a lokaci guda. A cire komai, a bar talabijin shi kaɗai. In ya yi, a ƙara amfilifaya da lasifika biyu. In sun yi, a ƙara na'urar faifai. Duk inda abin ya tsaya, to nan ɓarawon yake. Mai gaggawa shi ne zai sauya waya, ya danna rimot, ya juya saiti duk a tare, in abin ya gyaru bai san dalili ba, in ya sake ɓaci gobe bai san inda zai kama ba.

Jera lasifikoki yana da nasa ilimin, ko da yake falon Landan, da ƙanƙantarsa, ba ya barin mutum ya cika kowace ƙa'ida. Ta tsakiya ita ce uwa, domin ita ke ɗauke da maganar 'yan wasa, don haka wurinta dab da allo ne, tana fuskantar masu kallo, ba a cusa ta cikin kabad ba. Ta dama da ta hagu su buɗe daidai wa daida daga allon, misalin digiri 30 kowace daga inda mai kallo yake zaune, a daidai tsayin kunnensa. Biyun da mutane ke kira na baya, a gaskiya na gefe ne, a ɗan gota kafaɗa kaɗan. Kowace waya tana da jijiya biyu, kuma ja na bin ja, baƙi na bin baƙi, a can da nan. In aka juya na lasifika ɗaya, babu abin da zai ƙone, amma sautin zai zama fayau, kiɗan ya rasa nauyi, muryar ta rasa takamaiman wurin da take fitowa. Idan kuma amfilifaya tana kashe kanta da zarar an ƙara murya, a duba ko wani silin tagulla ya kuɓuce ya taɓa ɗan'uwansa. In ba shi ba ne, to zafi ne. Al'adar nan ta lulluɓe kayan kallo da ƙyalle mai ado saboda ƙura, wadda ke da ma'ana a lokacin hunturun Kano, a Landan toshe wa na'ura hanci kawai take yi, musamman in an ajiye ta kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki.

Amfilifayoyin zamani, irin na Yamaha da Denon, suna zuwa da ɗan makirufo da ake ɗorawa a mazaunin mai kallo, na'urar ta yi ta fitar da wata ƙara tana auna nisan kowace lasifika da ƙarfinta. Aikin minti goma ne, amma yana son shiru ƙwarai. A gidan da ke da yara huɗu, sai an jira sun tafi makaranta.

To, bayan an gama wannan duka ne ake cin karo da abin da ya fi ɓata wa mai gida rai. Ya saka fim ɗin Amurka, jirgi mai saukar ungulu ya zagaye falo, kowa ya yaba. Ya saka tsohon fim ɗin Hausa, sai lasifikar tsakiya kaɗai ta amsa. Babu abin da ya lalace. Sautin irin waɗannan finafinai hanya ɗaya aka naɗe shi, ko kuma abu ɗaya ne aka zuba a dama da hagu. Ita kuwa amfilifaya, idan tana kan tsarin Dolby na rarraba sauti, duk abin da ta ji iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu takan ɗauke shi magana ce, ta tura shi tsakiya. Da yake fim ɗin gaba ɗaya haka yake, sai komai ya tattare a can. Maganin shi ne a danna maɓallin da ke mayar da ita sitiriyo, ko wanda ke watsa sauti ɗaya ga dukkan lasifikoki. Ko shirye-shiryen yanzu masu dogon zango, irin su Labarina da Daɗin Kowa da Izzar So, waɗanda ingancin ɗaukarsu ya yi wa na da nisa, wanda ke kallonsu ta YouTube sauti mai hanya biyu ne yake samu. A gaskiya, gidan da akasarin kallonsa finafinan Hausa ne da wa'azi da labarai, lasifika biyu masu kyau sun fi masa shida marasa kyau amfani, kuma da an faɗa wa mutane haka a kanti da an rage asarar fam ɗaruruwa.

Wata damuwar ita ce ta hawa da saukar murya. A tsofaffin finafinai, magana a wurin ɗauka aka naɗe ta, da kukan zakara da ƙarar janareta a bayanta, waƙa kuwa a situdiyo aka haɗa ta da fiyano. Sai a ƙure murya don a ji abin da surukai ke faɗa, kwatsam waƙa ta shigo kamar za ta ɗaga rufin. Kusan kowace amfilifaya tana da saitin dare, wanda ke danne mai ƙarfi ya ɗaga mai rauni, kuma domin irin wannan ya dace ko da rana tsaka. Idan kuma magana ta riga baki, akwai wurin jinkirta sauti a cikin saiti. Sai dai kada a gwada shi da fassarar Algaita, don a nan ko an kwana ana saiti bakin Ba'indiye ba zai dace da Hausa ba.

Wufa kuwa ba matsalar mai ita ba ce kaɗai. Dubban gidajen Landan tun zamanin Sarauniya Victoria aka gina su, manne da juna, da daɓen katako, an kuma yanka da yawansu gida biyu ko uku, wani a sama wani a ƙasa. Rugugin wufa yana bin katako da bango fiye da yadda yake bin iska, ta yadda abin da mai gida ke ji daidai, maƙwabcin ƙasa a ƙirjinsa yake jin sa. A Birtaniya wannan ba maganar a ba da haƙuri ba ce kawai. Dokar kare muhalli ta 1990 ta ba ƙananan hukumomi ikon aika wa mai damun jama'a da ƙara takardar umarnin dainawa, wanda ya ƙi bi kuma ana iya cin sa tara, har a kwashe kayan. Wata dokar ta 1996 ta ware ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe a matsayin lokacin da ba a son hayaniya. Ga mai haya, ƙorafin maƙwabta na iya kaiwa ga rasa gidan. A shekarun 2015 zuwa 2017, da azumi ya ratsa watan Yuni, sai bayan ƙarfe tara na dare ake shan ruwa a Landan, don haka lokacin da iyali ke zama sauraron tafsiri shi ne daidai lokacin da maƙwabci ke neman barci. Dabarar ita ce a janye wufa daga lungu da kuma bangon da aka haɗa da maƙwabci, a ɗora ta kan roba mai kauri, a rage mata ƙarfi, da dare kuma a kashe ta ɗungurungum. Malami mai tafsiri ba ya bukatarta.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba. A Birtaniya, duk gidan da ke kallon shiri a daidai lokacin da ake watsa shi, ko a wace tasha, ko ta ƙasar waje ce, ko ta eriya ko ta tauraron ɗan'adam ko ta intanet, sai ya mallaki lasin talabijin. A watan Afrilun 2025 kuɗinsa ya kai fam 174.50 a shekara, tarar rashinsa kuma na iya kaiwa fam 1,000. Wanda kallonsa bai wuce kaset da faifai da finafinan da aka riga aka ɗora a YouTube ba, ba ya bukatarsa. Baƙi da dama sun ɗauka cewa tunda tashar gida suke kallo babu ruwansu, kuma wannan kuskure ne. Kafa kwanon tauraron ɗan'adam a bango ma sai da izinin mai gida, a wasu unguwanni masu tsofaffin gine-gine har da na ƙaramar hukuma.

Masu sha'awar ƙwallo suna da nasu abin mamakin. Mutum na iya zama a Holloway, yana jiyo ihun 'yan kallo daga filin Arsenal ta tagarsa, amma ba zai ga wasan a talabijin ba idan na ƙarfe uku na yammacin Asabar ne, domin tun shekarun 1960 aka hana nuna ƙwallo kai tsaye a Ingila a wannan lokaci, daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata, don kada ƙananan kulob su rasa 'yan kallo. Ƙaninsa kuwa yana gidan kallo a Fagge yana gani sarai, har ya bugo waya ya faɗa masa an ci. Wannan ne ke tura wasu ga 'yan akwatunan da ake sayarwa a ɓoye, masu alkawarin tasha dubu. Ban da yawan tsinkewa da suke yi, hukuma ba ta ɗauke su da wasa ba: a watan Mayun 2023 wata kotu a Ingila ta ɗaure mutum biyar da ke irin wannan sana'a, shugabansu ya samu shekara 11.

Da, duk wanda ya rasa wata waya ko wani ɗan akwati sai ya nufi titin Tottenham Court, inda kantunan kayan lantarki suka yi jerin gwano, ana ciniki kamar a Kantin Kwari. Yanzu 'yan kaɗan ne suka rage. Kamfanin Comet ya durƙushe a 2012, Maplin, wanda ya shahara da ƙananan kayan haɗi, ya bi shi a 2018. Ciniki ya koma intanet, inda babu wanda za a nuna wa bayan na'ura a ce ga irin ramin da ake nema. Abin da ya rage wa mai saye shi ne doka: ta 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da kayan da ya tarar da aibi a karɓi kuɗinsa, wanda ya saya ta intanet kuma yana da kwana 14 na fasa cinikin ko da babu aibi. Saboda haka kada a yar da kwali da rasit tun ranar farko.

Amma duk cikin kayan nan, wanda ya fi cancantar a damu da shi shi ne wanda ya fi tsufa. Tun a watan Nuwamban 2004 kantunan Dixons suka ba da sanarwar daina sayar da na'urar bidiyo, kuma a 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da aka sani yana ƙera ta, ya rufe wannan layi. Duk wadda ke aiki a yau tsohuwa ce, robobin cikinta suna bushewa, masu gyaranta kuma suna ƙarewa. A cikin jakar uwargida kuwa ba finafinai ne kaɗai ba. Akwai kaset ɗin ɗaurin aure da kamu, da na suna, da na hawan Sallah da wani ya ɗauka daga kan katanga, akwai muryoyin iyaye da kakanni da suka riga mu gidan gaskiya. Fim ɗin kasuwa wataƙila wani ya ɗora shi a intanet. Kaset ɗin biki kuwa sau da yawa shi ke nan guda ɗaya a duniya, ga shi an ajiye shi a ƙarƙashin rufi ko a ɗakin ƙasa, inda danshin Landan ke sa masa fumfuna.

Kafin a saka irin wannan kaset a na'ura, a leƙa ta tagarsa. In an ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, kada a kunna, domin zai ɓata kan na'urar ya kuma shafa wa na gaba. Wannan sai masu sana'ar wankewa. In an ɗauko shi daga wuri mai sanyi, a bar shi ya kwana a ɗaki, don raɓar da ke kwanta masa na sa zaren ya manne ya tsinke. A karye ɗan harshen roba da ke gefensa, yadda ko yaro ya danna maɓallin naɗi ba zai goge komai ba. A fara gwada na'urar da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, saboda in za ta ci zare, ta ci wancan. Daga nan sai a haɗa ta da kwamfuta ta ɗan abin ɗaukar hoto da ake sakawa a ramin USB, ko a kai wa shagunan da ke wannan aiki, a kuma ajiye abin da aka juya a wuri biyu, ɗaya a aika gida.

Aikin ba ya gaggautuwa. Kaset mai awa uku, awa uku cur yake ɗauka, kuma sai an zauna ana kallo ko hoton zai yi rawa a daidaita shi. A wannan zama ne ya kamata a kira wadda ta san fuskokin, a ba ɗaya daga cikin yaran takarda da biro, ta riƙa faɗa yana rubutawa: wannan gwaggo ce, wancan kawu ne, wadda ke riƙe da ƙwarya a gefen amarya kuma ita ce wadda aka sa wa autar gidan sunanta.